Tsanin da Aka Hana Ni Riƙewa

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji, ku da wannan labari zai iso hannunku, musamman matan manoma da matan maharba. Sunana Rahila. Ni 'yar wani ƙauye ce a bayan Kwoi, amma yanzu a Kafanchan nake zaune, ina suyar ƙosai kusa da tashar jirgin ƙasa. Na yi jinyar mijina Dogara tun daga ƙarshen kaka har tsakiyar damina, a lokacin da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, kuma a hannuna ya mutu. Matan zumunta na majami'armu sun daɗe suna ce mini in yafe in manta. Yafewa ina ƙoƙari. Mantawa kuwa ba zan yi ba, don idan na yi shiru wata za ta je ta tsaya inda na tsaya.

Dogara manomi ne, yana noma citta da acca da gwaza, kuma maharbi ne. Bindigarsa irin ta maƙera ce, wadda ake yi wa ba'a da harba-ka-ruga, amma man da yake shafa mata ya fi wanda yake shafa wa 'ya'yansa. Gonarmu ta gwaza tana bakin rafi, inda aladun daji ke zuwa su tone rabin gona su tafi. Saboda su ne kowace damina yake ɗaura gado a kan wata babbar ɗorawa da ke gefen gonar. Gadon ba wani abu ba ne, sanduna ne ake jerawa tsakanin rassa a ɗaure da igiya, mutum ya zauna a kai da bindiga yana jira. Ana hawa da dogon tsani na gwangwala, a ɗaure shi a jikin bishiyar wuri biyu, sama da tsakiya. Idan an cire gwaza sai a kwance komai a kai gida kafin a sa wa daji wuta.

Kwancewar aikin mutum biyu ne, kowane maharbi ya san haka. Ɗaya ya hau ya zuro sanduna ƙasa da igiya, sannan ya tsaya a kan tsani ya kwance ɗaurin sama. Daga wannan lokaci ba abin da ke riƙe da ransa sai igiyar tsakiya da hannun wanda ke ƙasa. Amma wanda ke ƙasan dole namiji ne. A wajenmu mace ba ta taɓa kayan maharbi, ko bindiga, ko jaka, ko tsani. An ce idan ta taɓa, nama zai guje shi, ko bishiya ta jefo shi. Mu masu zuwa majami'a ne, Dogara har yana cikin mawaƙa, amma ruwan baftisma bai wanke wannan doka daga kan kowa ba a ƙauyenmu.

Ranar da abin ya faru, wansa Yohanna ne ya yi alkawarin zuwa ya riƙe masa. Rana ta yi tsaka bai zo ba. Daga baya muka ji ashe kasuwar Kwoi ce ta ɗauke shi, shi da abokansa na rumfar burkutu. Ni na kai wa Dogara faten acca, na tarar har ya sauke sandunan shi kaɗai, yana kan tsani yana kai hannu ga ɗaurin sama.

Na ce, "Baban Tabita, ka bari sai gobe mana. Yaya bai zo ba."

Ya ce, "Gobe za a sa wuta. In bar gwangwalana ya ƙone saboda Yohanna?"

"To bari in riƙe maka. Ba wanda yana gani."

Ya leƙo ƙasa ya daka mini tsawa. "Ke! Kada hannunki ya taɓa shi. Koma can! Kina so ki kashe ni?"

Na koma baya na naɗe hannu a ƙirji, ina kallonsa. Ya kwance igiyar, ya ɗaga ƙafa zai sauko. Sai kan tsanin ya zame ya bi jikin bishiyar gefe guda, igiyar tsakiya kuwa, wadda ta sha ruwan damina tun daga farko har ƙarshe, ta tsinke kamar zaren ɗinki. Ya faɗo da baya a kan saiwar ɗorawar, tsanin ya biyo shi ya kwanta masa a cinya. Na yi ihu, na ruga, na ɗauke masa tsanin daga jiki. A haka mazan da ke haƙar citta a gonar maƙwabta suka iso suka same ni, da tsani a hannuna.

Akwai abin da nake so ku riƙe da kyau. A gindin bishiyar nan ƙafafun Dogara suna motsi. Na gani da idona, ya naɗe gwiwar dama ya miƙe ta, yana ta cewa bayana, bayana. Mazan nan, da kyakkyawar niyya, suka ɗaga shi suka lanƙwasa shi suka zaunar a bayan keke. Ɗaya yana turawa, biyu suna tallafe da shi, aka bi ta kan kunya da duwatsu. Ihu yake yi har muka ƙetare rafi. Bayan nan sai ya yi shiru, ya ce ƙafafun sun daina ciwo. Mai tura keken ya juyo yana murmushi ya ce mini, "Kin gani? Ya fara samun sauƙi."

Makon farko a gida muka yi shi. Yohanna ya ɗauko wani maɗori daga wajen Kachia, wanda aka ce ba ƙashin da ke gagararsa. Ya sa aka kamo zakara, ya karya masa ƙafa ya ɗaure da kara, ya ce ranar da zakaran ya taka, ranar Dogara zai taka. Sannan ya sa ƙarti biyu suka ja mijina, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafa, shi kuma yana danna bayan da man kaɗe mai zafi. Dogara ya suma, aka ce ƙashi ne ya koma wurinsa. Zakaran dai ya warke sarai, ya ci gaba da bin kaji a tsakar gida. Shi kaɗai ya ci ribar ɗorin nan.

A cikin makon ne na lura mata sun daina karɓar tulu daga hannuna a rijiya. Yohanna ne ya fito mini da maganar a fili, ya tare ni a ƙofar ɗaki ina ɗauke da kwanon wanki.

Ya ce, "Rahila, mutane sun gan ki da tsani a hannu."

"Na ɗauke masa ne daga jiki, Yaya. Bayan ya faɗi."

"Dogara yana hawa itace tun yana yaro, bai taɓa faɗi ba. Sai ranar da mace ya je wurin."

Na ce, "Sai ranar da kai ba ka je ba."

Bakina ba ya iya riƙe irin wannan magana, ban kuma yi nadamarta ba. Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata ba.

Ga abin da ya sa zancen ya fi ƙarfin tsegumin rijiya. A al'adarmu, idan miji ya mutu aka ce ta hannun matarsa ne, ba a barinta a gidan. Za ta koma gidan ubanta, 'ya'ya kuwa na gidan ubansu ne. Ina da Tabita mai shekara bakwai, da Iliya wanda bai daɗe da barin nono ba. Mutum biyu ne kawai suka san abin da ya faru a gindin ɗorawa, ni da Dogara, kuma tawa maganar ba wanda zai saurara. Kalma ɗaya daga bakinsa ce za ta bar ni da 'ya'yana.

Mako na biyu fitsari ya ƙi fita. Mararsa ta kumbura ta yi tauri, zazzaɓi ya rufe shi, ya fara kiran sunayen mutanen da suka mutu tuntuni. Uwarsa, wadda muke kira Mama, ta ce a ƙara jira. Ni na fita ba tare da neman izinin kowa ba, na je wurin Malam Sule, Bahaushen da ke zuwa sayen citta da motarsa. Ya shigo ya dubi Dogara, ya ce, "Subhanallahi. Kada wanda ya zaunar da shi. Ku ciro ƙyauren ɗakin nan ku kwantar da shi a kai." Haka aka ɗora shi a kan buhunan citta har Kafanchan. Da na kwance bakin zane zan biya, Malam Sule ya ce in bar shi, zan buƙace shi a gaba. Ba danginmu ba ne, ba addininmu ɗaya ba, amma shi ne mutum na farko da ya dube ni a makon nan ba tare da ya kalli hannuna ba.

A asibiti muka ajiye ƙyauren a baranda, na shiga layin kati tun da hantsi, ban samu ba sai da rana ta karkata. Ina layi ina hangen ƙudaje a fuskarsa, ba halin in fita kada wurina ya tafi. Likitan Ba'indiye ne, wata nas 'yar Manchok, Sista Laraba, ita ke fassara. Ya ɗauki allura yana tsira wa Dogara tun daga yatsun ƙafa yana hawa sama. Dogara yana kallon rufi kamar ba jikinsa ake taɓawa ba, sai da allurar ta wuce cibiya ya ce wash. Likita ya tambayi yadda aka ɗauko shi daga gona. Na faɗa masa keke, na faɗa masa maɗori. Ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya yi magana gajeriya. Sista ta ce, "Ya ce faɗuwa ta fasa ƙashi, amma ɗauka ce ta tsinke laka." Ta yi mini bayani cewa laka wata igiya ce a cikin ƙashin baya, idan ta tsinke ba mai ƙulla ta. Har yau idan na ga an ɗora majinyaci a keke, maganar nan ce ke faɗo mini.

Aka sa masa roba, fitsari ya fita, zazzaɓi ya sauka, hankalinsa ya dawo. Sista Laraba ta koya mini juya shi akai-akai don kada fatarsa ta mutu, da yadda zan wanke shi in shafa masa mai in miƙe zanen gado kada ya ƙudundune. Faɗa gare ta kamar me, amma hannunta mai taushi ne. Ina kwana a tabarma ƙarƙashin gadonsa, ina dafa abinci a kan duwatsu bayan ɗakin majinyata tare da sauran mata. Daga nan na daina ƙirga makonni, sai dai abin da ya fita daga hannunmu. Awaki suka tafi. Cittarmu aka sayar da ita ɗanya, ba a jira ta bushe ba. Kwanonin aurena suka bi su. Da na ce a sayar da bindiga, Yohanna ya aiko cewa bindiga kayan gida ce, ba ta shiga kasuwa.

Duk wanda ya zo dubiya da maganinsa yake zuwa. Wannan ya kawo kitsen mesa, wancan ya ce akwai mai addu'a a Jos da ke tayar da guragu, wata ta ce a ba shi romon ƙafar saniya. Na karɓa na yi godiya, na ɓoye wa Sista abin da ya kamata in ɓoye. Amma maganin Mama ya sha bamban. Ta zo ranar wata Lahadi da sabuwar ƙwarya a ƙunshe cikin zane, ta zuba ruwa, ta ajiye a gabana a gaban duk majinyatan ɗakin.

Ta dube ni ta ce da irin Hausarta ta tsofaffinmu, "Wanke hannunka a ciki, ka ce kai ka taɓa. Za a kai ruwan a zuba a gindin itacen, yarona zai tashi."

Na ce, "Mama, ba zan wanke abin da ban taɓa ba."

"To ka ƙi shi ya warke ke nan. Kowa ya ji."

Ku duba irin tarkon nan. In na wanke, na amsa laifi da bakina. In na ƙi, ni ce na hana shi tashi. Na juya na dubi Dogara. Idonsa biyu, yana jin komai, amma ya zuba wa bango ido. Mama ta zubar da ruwan a ƙofa ta tafi tana kuka.

Da aka watse na durƙusa a bakin gadon na ce, "Baban Tabita, ka faɗa musu mana. Kai ka kore ni daga wurin. Ka san abin da za su yi mini da yara."

Ya ce, "Ki bari in warke tukuna."

Ya san ba zai warke ba, yana nan likita ya yi magana. Na daɗe kafin in gane abin da ke riƙe masa harshe. Idan ya ce ban taɓa ba, to ya zama maharbin da ya kwance tsani ba mai riƙewa, wanda za a riƙa ba da labarinsa ana dariya a rumfar burkutu. Kuma laifin zai koma kan Yohanna, ɗan uwansa ciki ɗaya, wanda zai noma gonarsa bayansa. Ni ce na fi arha a cikinmu. Na kai kuka wurin fastonmu da ya zo yi mana addu'a. Ya ce mai bi ba ya yarda da irin wannan camfi, ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, na ji sanyi a raina. Amma bai taɓa faɗin haka a kan mumbari ba, don rabin dattawan ikilisiyarsa maharba ne.

Wajen farkon damina aka sallame mu. Ba abin da ya rage da za su yi, ga masu jiran gado a baranda. A gida ba gadon asibiti, ba Sista, ga shi dole in je gona in ba haka ba mu kwana da yunwa. Duk lokacin da na fita ba mai juya shi, don Mama ba ta da ƙarfi, Yohanna kuma ya ce wanke majinyaci aikin mata ne. Gyambo ya buɗe masa a ƙugu da ɗuwawu, ya yi zurfi har ina ganin farin ƙashi. Wari ya hana masu dubiya wuce ƙofa, sai su tsaya daga waje su ce yaya jiki. Hannun da aka ce shi ya jefo shi, shi ne dai ke kwashe kashinsa safe da yamma, kuma ban ji wanda ya ce wannan haramun ne ba.

Ya rame ya zama ƙashi da ido. Wata rana ya jefe ni da kwano don kunu ya yi sanyi, wata rana kuma in same shi yana rera waƙar majami'a a hankali da muryar nan tasa mai kauri, Iliya yana kwance a ƙirjinsa. Kada wani ya ce ban so shi ba. Na so shi, ina jin haushinsa, ina tausayinsa, duka a rana ɗaya.

Da zazzaɓi ya dawo ya ƙi sauka, kowa ya ga inda aka nufa. Ƙanen mahaifinsu, Baba Kure, wanda shi ne babba a gidan, ya tara maza a ɗakin da rana, suka toshe hanci da bakin riga. Muryar Dogara ta yi ƙasa, sai ni na zauna na tallafo kansa a cinyata don a ji shi.

Baba Kure ya ce, "Dogara, lokaci ya matso, ka faɗa mana gaban Allah. Matarka ya taɓa tsani kafin ka faɗi, ko bai taɓa ba?"

Ina jin zafin wuyansa a tafin hannuna. Ya dubi Yohanna. Ya dubi Mama da ke bakin ƙofa. Ni bai dube ni ba.

Ya ce, "Baba, idona yana sama. Ban ga abin da yana faruwa a ƙasa ba."

Yohanna ya sauke numfashi. Baba Kure ya kaɗa kai ya ce an ji, suka tashi suka fita. Na zauna da kan mutumin nan a cinyata, raina yana ce mini in sake shi ya bugu da ƙasa. Ban sake ba. Ya ɓata shimfiɗa tun suna ciki, sai na ɗebo ruwa na fara wanke shi. Ya ce, "Rahila." Na ce, "Ɗaga hannunka." Ya ɗaga, na ci gaba da wanke shi.

Bai kai ƙarshen makon ba. Ya mutu da yamma ana ruwa, ina ba shi kunu da cokali. Maharba suka harba bindigogi a jana'izarsa, aka yi ta yabon gwanintarsa. Da aka share makoki Baba Kure ya kira ni ya ce gidan ba zai iya riƙe ni ba. Na tafi da ƙunshin zannuwana. Iliya yana barci, Tabita kuwa an aike ta rafi da gangan.

Ina gode wa Malam Sule da Sista Laraba, da matan da muka yi girki tare a bayan ɗakin majinyata, waɗanda suka raba garinsu da ni. Ga saura kuma ina roƙo. Kada namiji ya kwance tsani daga bishiya shi kaɗai, ko da wuta tana bakin gona. Igiyar da ta sha damina kada a amince mata da rai. Wanda ya faɗo da baya kada a zaunar da shi, kada a ja shi, a kwantar da shi a kan katako a kai shi asibiti a miƙe. Ke kuma mace, idan kin ga mijinki a sama ba kowa a ƙasa, ki riƙe tsanin, ya yi ta zagi.

Bayan shekara guda na je kasuwar Kwoi don na ji Tabita na raka matar Yohanna sayar da gwaza. Na soya ƙosai na musamman na ƙunsa a ganye. Na hango ta zaune a bayan tire, ta yi tsawo, an yi mata aski irin na yara maza. Ta gane ni tun daga nesa, ta tashi tsaye, fuskarta ta buɗe da murna. Na miƙa mata ƙunshin. Ta kai hannu, sai ta tsaya, ta mayar da hannayenta biyu bayanta.

Ta ce, "Mama, ki ajiye a ƙasa. Zan ɗauka."

Na ajiye mata a ƙasa.